Kurmawa: yadda aka kafa gidan, yadda ake tafiyar da shi, da batun komawa Janguza

Ɗan Mandawari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun da gwamnatin Kano ta bayyana a 2025 cewa tana son mayar da gidan yarin Kurmawa gidan adana kayan tarihi, a kwashe mutanen ciki a kai su sabon gidan Janguza, ake ta maganar a gari, amma kowa a kan ginin yake tsayawa. Muna da tsofaffin ma'aikatan gidan yari a nan, ga lauyoyi, ga malaman tarihi. Don Allah a warware mana. Yaya aka kafa shi, yaya ake tafiyar da irin wannan gida daga safe zuwa dare, kuma wannan tashi zai magance cunkoso?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da baya, masu aikin su ɗora.

Kafin zuwan Turawa Sarkin Kano yana da kurkukunsa, kuma Yari ne mai riƙe da shi, dogarai su kamo, alƙali ya yanke, Yari ya tsare. Ɗauri na dogon lokaci bai zama babban hukunci a wancan zamani ba. Galibi ana tsare mutum ne kafin a yanke masa hukunci, ko har ya biya bashi, ko kuma idan ya saɓa wa fada. Da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya rubuta abin da ya ce ya gani a kurkukun: ɗakuna biyu, kowanne tsawon ƙafa 17, faɗin ƙafa 7, ƙofar shiga ba ta wuce rami ba, kuma mutum 135 ake cusawa ciki kowane dare. Ku buga lissafin: murabba'in ƙafa 238 a raba wa mutum 135, kowa bai samu ƙafa biyu cikakku ba. A jikin bangon tsakiya akwai ramukan da ake zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa kisa. Sai dai a karanta wannan da lura, domin mai rubutun yana neman hujjar da zai kare mamayar da ya yi a gaban mutanensa na Ingila.

Kurmawa an gina shi a 1910, zamanin Sarki Abbas, a matsayin gidan yarin En'e. Tsari biyu Turawa suka tafiyar a Arewa: gidajen yarin gwamnati, da na En'e da ke ƙarƙashin sarakuna. Fursunonin En'e su ne ma'aikatan gari kyauta, shara, ɗiban ruwa, sassabe, gyaran hanya, kwasar bahaya. Bayan kafa NEPU a 1950, 'yan jam'iyyar da yawa sun sha ɗauri a irin waɗannan gidaje ta hannun kotunan alƙalai, wannan ma yana cikin abin da ya sa aka riƙa kukan a raba gidan yari da En'e. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe su duka ta haɗe, a 1972 aka yi dokar soja mai lamba 9 da ta tafiyar da su shekara da shekaru, sai 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya suna zuwa Hukumar Gyaran Hali. Adadin da aka ƙayyade wa Kurmawa mutum 690 ne, kuma ya daɗe da wuce haka nesa ba kusa ba.

Baba Gandiroba:
Madalla da Malam. To, ga yadda rana take a ciki.

Duk aikin gidan yari a kan ƙidaya yake tafiya. A ɗakin ƙofa akwai allo da ake rubuta adadin mutanen gida, a rarrabe: waɗanda aka yanke wa hukunci, masu jiran shari'a, 'yan rai-da-rai, waɗanda aka yanke wa kisa, waɗanda ke kwance a asibitin waje, waɗanda suka fita kotu. Lissafin ba wuya: adadin da aka kulle jiya, a tara da waɗanda aka kawo yau, a cire waɗanda aka sallama ko aka mayar wani gida ko suka rasu. Abin da ya rage shi ne dole a samu a ɗakuna da yamma, ba ƙari ba ragi.

Da safe masu aikin dare ba sa miƙa gida sai an ƙirga ɗaki-ɗaki a gaban masu karɓa. Mutanen ɗaki su tsuguna layi-layi, a ƙirga, a gwada da abin da aka rubuta a ƙofar ɗakin. In ya yi daidai sai a fara buɗewa, kuma ba a buɗe duka lokaci guda. 'Yan kicin ne kan gaba, domin tun da duhu ake hura wuta. Sai masu fitar da bokitan bahaya da masu shara, sai masu zuwa kotu, a kira su da suna ɗaya-ɗaya a gwada da takardunsu, a caje su, a sa musu ankwa, a rubuta su a littafin ƙofa. Daga nan masu sana'a da makaranta, sai marasa lafiya a kai su ɗakin magani. Da rana akwai wata ƙidayar lokacin sauyin aiki. Wajen la'asar sakaliya zuwa yamma a mayar da kowa, a yi ƙidayar kulle, a kai makullai ƙofa a adana.

Idan ƙidayar kulle ba ta yi daidai ba, babu ma'aikacin da zai tafi gida. A sake, a kuma sakewa. Mafi yawan lokaci ba gudu aka yi ba. Ko an sauya wa wani ɗaki ba a gyara allo ba, ko an ƙirga na ɗakin magani sau biyu, ko kotu ta saki mutum a can, ɗan rakiya ya dawo bai miƙa takardar ba. Sai an bi waɗannan an rasa kafin a buga ƙararrawa.

Abu biyu da mutanen waje ba su cika sani ba. Gandiroban da ke cikin fili ba ya riƙe bindiga, masu bindiga suna ƙofa da kewayen katanga, domin bindigar da ta shiga tsakiyar mutum ɗari ta zama tasu. Na biyu, mai gadin dare ba ya yawo da makullin ɗakuna. Buɗe ɗaki da dare sai an tashi babba, an tara isassun ma'aikata.

Baban Ummi:
Baba, to idan wani ya kamu da ciwo tsakar dare fa? Haka zai kwana?

Baba Gandiroba:
'Yan ɗaki su yi ta dukan ƙofa har mai gadi ya zo ya leƙa, ya kai rahoto, a tashi wanda ke da ikon buɗewa. Ka'idar tana da dalili, domin an sha yin ciwon ƙarya don a buɗe a auka wa ma'aikaci. Amma jinkirin yana cin rai, wannan gaskiya ce, musamman a gidan da babu ma'aikacin jinya mai kwana.

Barista:
Baba ya kawo allon ƙofa, to a nan matsalar take. Ku duba layin masu jiran shari'a. A faɗin ƙasar nan mutanen da ke tsare sun kai wajen 80,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. Mata ba su wuce kashi biyu cikin ɗari ba, saura duk maza ne, yawancinsu matasa.

Ga yadda mutum ke maƙalewa. 'Yan sanda su kama shi da zargin fashi da makami, ko kisan kai, ko fyaɗe, ko garkuwa da mutane. Su kai shi kotun majistare, alhali majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi. Abin da zai iya kawai shi ne ya ba da umarnin a ajiye shi, a tura fayil ma'aikatar shari'a ta duba ko akwai hujjar gurfanarwa a babbar kotu. Daga nan sai a shiga jira. Ɗan sandan da ya yi bincike a sauya masa wurin aiki, ko a rasa kuɗin kwafar fayil, ko fayil ya isa ma'aikata ya kwanta a ƙarƙashin wasu ɗaruruwa. Babu wanda ya ce mutumin nan ya yi laifi, babu kuma wanda ya ce a sake shi.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan. Ta ce ajiyar farko kada ta wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14, daga nan kotu ta kira masu gabatar da ƙara su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. In aka bi matakan duka, ba za a cika wata biyu ba. Jihohi sun yi irin tasu, Kano ta yi a 2019, adadin kwanakin yakan bambanta daga jiha zuwa jiha. Dokar tana da kyau. Amma ba ta aiki da kanta, sai wani ya tashi ya tunatar da kotu, kuma wanda ba shi da lauya ba shi da mai tashi.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro game da Janguza. A bayan takardar ajiya ake rubuta ranar da za a dawo da mutum kotu. Idan ranar ta zo motar gidan yari ba ta da mai, ko ta lalace, ko kotunan da za a zaga sun fi motocin yawa, ba a kai shi ba, to sau da yawa takardarsa ba ta samun sabuwar rana. Ofishin rajista na gidan yari ba zai fitar da mutum ba tare da rana ko sammacin kotu ba, ita kuma kotu ba ta ganinsa balle ta tuna da shi. Haka wata uku ke zama shekara uku. Kurmawa tana maƙwabtaka da kotun Ƙofar Kudu, ba ta da nisa da babbar kotu ta sakatariyar Audu Baƙo, ko kotunan Miller Road da Nomansland ana zuwa a dawo cikin lokaci. Janguza tana can kan hanyar Gwarzo, gaba da sabuwar jami'ar Bayero. Duk tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, 'yan rakiya su ƙaru. Idan ba a tanadi motoci da kuɗin mai ba, za a samu wurin kwana mai faɗi, amma zaman jira ya ƙara tsawo.

Abu Sadik:
Ni fa Barista ina ganin ana cika tausaya wa mutanen nan. Gidan horo ne, ba masaukin baƙi ba. Wanda ya ƙwace wa mutum waya ya soka masa wuƙa, mu zauna muna lissafin faɗin wurin kwanansa?

Barista:
Ɗan'uwa, wanda ya soki mutum a hukunta shi, babu mai jayayya. Amma a cikin kowane mutum uku da ke ciki, biyu babu alƙalin da ya tabbatar sun yi abin da ake zarginsu. Akwai wanda aka kwaso a samame, akwai wanda bashi ne aka mayar da shi zamba cikin aminci. Shi kansa wanda aka soka ba a yi masa adalci ba idan shari'ar ta shekara biyar ba a fara ba, shaidu sun watse, ƙarshe a sallami wanda ake zargi don babu hujja.

Malama Nas:
Malam Abu Sadik, ƙari a kan na Barista: cutar da ke ciki ba ta tsayawa a ciki. Ma'aikata suna komawa gida kullum, masu ziyara suna shiga suna fita, ɗaurarru kuma ana sallamarsu.

Tarin fuka shi ne babba. Ɗaki mai ƙananan tagogi a can sama, mutane sun kwanta a gicciye kowa na shaƙar numfashin wani, daga yamma har safe. Abin da ya kamata: duk wanda aka kawo a tambaye shi tari, zazzaɓin dare, rama, a ɗauki majinarsa a kai gwaji. Wanda aka samu da shi a ware shi, a fara magani. Bayan kamar mako biyu yana shan magani daidai, haɗarin yaɗawa yana raguwa sosai, amma maganin wata shida ne cur. Inda ake samun matsala, mutum ya yi wata biyu ya ji sauƙi, sai a ba da belinsa ko a mayar da shi wani gida ba tare da katinsa ba. Ya daina sha, ciwon ya dawo, wani lokaci ya dawo da nau'in da ba ya jin maganin farko. Don haka takardar sallama da katin magani tare ya kamata su fita, a haɗa shi da asibitin da ke kusa da gidansu.

Ƙazuwa kuma kuskuren da ake yi shi ne a yi wa mutum ɗaya magani a mayar da shi ɗaki. Sai dai a shafa wa 'yan ɗakin gaba ɗaya rana guda, daga wuya har tafin ƙafa, a tafasa tufafi da barguna, a fitar da tabarmi rana. In aka bar mutum biyu, bayan 'yan makonni an koma gidan jiya.

Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da ma'aunin da ake aiki da shi: kowane mutum murabba'in mita 3.4 a ɗakin haɗaka, ruwa lita 10 zuwa 15 a rana, makewayi ɗaya ga mutum 25. A ce gida yana da mutum 1,500, ruwan da yake bukata a rana ya kai lita 22,500 in an ba kowa 15. Ranar da injin rijiyar burtsatse ya tsaya ko wuta ta ɗauke, wanka ake fara yankewa, daga nan wankin hannu, sai gudawa ta biyo baya. A watannin Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗakin da ya cika mutane yakan sa masu hawan jini da masu asma su faɗi. Kai mutum asibitin waje kuma yana cin ma'aikata, domin sai an ajiye masu gadinsa dare da rana, shi ya sa ake jan ƙafa har ciwo ya yi nisa.

Baban Ummi:
Allah ya kyauta. Baba, gabzar da ake faɗa fa, har yanzu ita ce?

Baba Gandiroba:
Ita ce, ɗana, sai dai wani gida ya fi wani. Abinci ɗan kwangila ne ke kawowa, gwamnatin tarayya ke biya bisa kan mutum. An daɗe a kan naira 450 a rana, aka koma 750. A Disambar 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya faɗa wa majalisar dattawa cewa karen tsaro naira 800 ake kashe masa a rana, ɗaurarre kuma 750. Bayan surutun da aka yi aka ƙara zuwa 1,125. Raba uku, kowane ci ya tashi a 375, kuma a ciki za a cire haraji, ribar ɗan kwangila, da makamashi.

Kowace safiya ana auna hatsi daga sito bisa adadin kullen jiya, a gaban mai kula da sito da wakilin ɗan kwangila. Ɗaurarru ne ke dafawa a manyan tukwane. Ka'ida ce babban jami'i ya ɗanɗana ya sa hannu kafin a raba. Inda abin ke lalacewa: biyan ɗan kwangila ya makara wata da watanni, sai ya rage inganci, ya kawo masara mai ƙwari da wake mai huji. Miya a tsinka ta da ruwa don ta kai. Sai 'yan kicin su ware na sayarwa, sai shugaban ɗaki ya ɗebi nasa kafin a raba. Na ƙarshen layi, wanda ba shi da mai ziyara, shi ne za ka ga ƙafarsa ta kumbura. Abincin dare ma da wuri ake raba shi kafin kulle, don haka tazarar da ke tsakaninsa da na safe tana da tsawo ƙwarai.

Mai jiran shari'a yana da damar a riƙa kawo masa abinci daga gida. Wanda ya kawo sai ya ɗanɗana a ƙofa, a caccaka tuwon a duba. Dalili kuwa, a cikin malmala da burodi ake shigo da ƙwaya da layin waya.

Jami'in Walwala:
Baba ya ambaci shugaban ɗaki, bari in faɗaɗa, domin daga kulle zuwa safe su ne gwamnati. Kowane babban ɗaki yana da shugaba, da mai shari'a, da 'yan sandansa, da mai kula da makewayi, da liman. Suna da dokoki: ba faɗa, ba sata, ba taka shimfiɗar wani, lokacin barci a yi shiru. Ba don wannan tsari ba, ma'aikaci ɗaya ba zai iya da mutum ɗari ba. Illarsa, wurin kwana ya zama haja. Sabon shiga bakin makewayi ake ajiye shi, mai kuɗi ya sayi gindin taga. Jami'in da ya san aikinsa yakan sauya shugabannin nan lokaci-lokaci, ya kuma riƙa shiga ɗaki ba sanarwa.

Ranar da aka kawo mutum, ana fara duba takardar kotu: suna, laifi, sa hannun alƙali, hatimi. Ba takarda, ba karɓa. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta kuma hana karɓar wanda aka kawo da munanan raunuka, ko a sume, ko mai taɓin hankali, ko yaro ƙarami. Wannan ya rage dabarar kawo wanda aka jigata a wajen bincike don ya mutu a hannun wasu. Sai caje, a rubuta kuɗinsa da kayansa ya sa hannu, a ɗauki hoto da zanen yatsu, ma'aikacin lafiya ya duba shi, washegari ya bayyana gaban shugaban gida. Wanda aka yanke wa hukunci a ba shi kayan gida, mai jira ya zauna da nasa.

Sana'a akwai: kafinta, ɗinki, walda, saƙa, yin takalma da sabulu. Akwai islamiyya da yaƙi da jahilci, ana zana NECO, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana karantar da ɗaurarru kyauta a gidajen da take da cibiya. Akwai gonakin hukuma irin su Kujama a Kaduna da Lakushi a Filato. To amma duk wannan an gina shi ne don wanda aka yanke wa hukunci. Mai jiran shari'a ba a tilasta masa aiki, ba a fita da shi aikin waje, kuma ba ka san ranar tafiyarsa ba balle ka sa shi a kwas na wata shida. Ka ga mafi yawan mutanen gida suna zaune ne kawai. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun ce kowa ya samu aƙalla awa ɗaya a sarari kullum, kuma a raba masu jira da masu hukunci. A gidan da ya cika, ɗakunan masu jira bi da bi ake buɗe su, domin fili ba zai ɗauke su lokaci guda ba.

Abu Sadik:
Na ji wannan. To me ya sa ake cewa watan gidan yari kwana ashirin ne? Ba wata hanyar sassauta wa masu laifi ba ce?

Baba Gandiroba:
Rangwame ne na kashi ɗaya cikin uku, ga wanda hukuncinsa ya haura wata ɗaya, bisa sharaɗin kyakkyawan hali. Shekara uku wata 36 ke nan, a cire 12, ya yi 24. Ofishin rajista yana rubuta masa rana biyu, ta kusa da ta nesa. In ya yi laifi a ciki, faɗa ko riƙe waya ko yunƙurin gudu, a gurfanar da shi gaban shugaban gida, a zaftare masa kwanaki daga rangwamen, ko a kai shi ɗakin horo. Wannan rangwame shi ne linzamin da ke hannun ma'aikaci. Mai rai-da-rai da mai hukuncin kisa ba su da shi. Mai jiran shari'a ma ba shi da shi, tunda ba a yanke masa komai ba balle a rage.

Masu hukuncin kisa sashensu daban, kuma ba a fita da su aiki. Sun haura 3,500 a ƙasar nan, domin gwamnoni ba sa sa hannu. Rabon da a aiwatar tun Disambar 2016 a birnin Benin na jihar Edo. Dokar 2019 ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma shekara goma ba a aiwatar ba, Babban Jojin jiha na iya mayar masa da shi rai-da-rai.

Injiniya:
Ni ina goyon bayan tashin, kuma dalilina katanga ce. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, wanda aka gina a 1914 don mutum 250, sama da mutum 100 suka fice. A Satumbar 2024 ambaliyar Maiduguri ta kayar da bango, 281 suka gudu. Tsohon gini in ruwa ya daɗe yana shiga gindinsa, magudana ta toshe, rana ɗaya yake zubewa. Kurmawa tana tsakiyar gidajen mutane, babu filin faɗaɗawa, babu tazara tsakanin katanga da unguwa, ana iya jefa ƙunshi daga lungu ya faɗa ciki. Ku tuna gidan yarin Kuje, 5 ga Yulin 2022, aka fasa aka fitar da mutum fiye da 800. Allah ya kiyaye, in irin wannan ta faru a bayan gidan Sarki, a ina za a yi musayar wuta? Janguza an gina ta don mutum 3,000, tana kusa da barikin soja, kuma an tsara irin waɗannan sababbin gidaje da ɗakunan shari'a a harabarsu.

Barista:
Injiniya, ban musa maka katanga ba. Ɗakin shari'a kuwa sai alƙali ya yarda ya je ya zauna, lauyan gwamnati ya je, shaidu su biya kuɗin mota su je. Shaidar da ke ƙin zuwa Nomansland ba zai je Janguza ba. Shawarata a kai masu dogon hukunci da masu manyan laifuka can, masu ƙananan shari'u a bar su kusa da kotunansu, ko a gidan yarin Goron Dutse ko wani wurin ajiya a cikin gari. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 jihohi suna da ikon gina nasu gidajen, kuma yawancin waɗanda ke tsare laifukan dokar jiha ake zarginsu da su. Kujera 3,000 za ta cika cikin 'yan shekaru muddin ƙofar shiga ta fi ta fita faɗi. Sashe na 12 na dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ma ya ce idan gida ya cika, kwanturolan gidajen yari na jiha ya sanar da Babban Joji da kwamishinan shari'a cikin mako guda, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, har ya ba shi ikon ƙin karɓar sababbi. Da wuya ka ji an yi amfani da shi, domin ma'aikaci ba ya son a ce ya mayar wa alƙali da takarda.

Malamin Tarihi:
In har za a yi gidan tarihin, kada a fara da fenti. A fara da littattafan rajista na zamanin En'e, da mari da sasari in sun rage, a kai su inda gara ba za ta ci ba. Ɗakunan kuma a bar wasu yadda suke.

Baban Ummi:
Barista, tambaya ta ƙarshe. Wanda ɗan'uwansa ya daɗe a ciki ba a kai shi kotu, kuma ba su da kuɗin lauya, ta ina zai fara?

Barista:
Ya fara da ofishin walwala na gidan, ya nemi abu huɗu: sunan kotun da ta ajiye shi, lambar ƙara, laifin da aka rubuta, da ranar ƙarshe da aka kai shi. Da waɗannan ya je wurin magatakardan kotun ya tambaya ko shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. In ta fito ta ce babu hujja, sakin ya rage kawai a kawo shi gaban alƙali, kuma akwai mutanen da ke kwana a ciki wata da watanni takardar sakinsu tana cikin fayil. In ba ta fito ba, ya rubuta wa kwamishinan shari'a takardar tuni, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Sannan ya kai bayanan ofishin hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya, wadda ke aiki tun 1976, ko reshen ƙungiyar lauyoyi. Ya kuma roƙi jami'in walwala ya sa sunan a jerin da ake miƙa wa Babban Joji idan ya zo zagayen rage cunkoso.

In kuwa an riga an yanke hukunci da zaɓin tara, a tambayi adadin, domin wani naira dubu ashirin ce ta riƙe shi. A Nuwambar 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 daga masu taimako ta biya wa mutum 4,068. A kotu ake biya, a karɓi rasit, a kai gidan yari tare da takardar saki. A kuma duba ko hukuncin ya haɗa da diyya ga wanda aka cuta, domin biyan tara kaɗai ba ya sauke ta. Idan beli aka bayar sharaɗin ya gagara, misali an ce sai babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili, ana iya komawa kotun ko babbar kotu a nemi sassauci, kuma sau da yawa ana samu idan an nuna tsawon zaman da mutumin ya yi.